Tsatsar Tsohuwa

Otakar Hejl yana son ɗan kan jirgin ƙasan nan, so mai tsanani, kuma babu mahaluƙin da ya taɓa faɗa wa. Ko mai jirgin, abokinsa Lubor, bai sani ba har aka binne shi a tsakiyar sanyin da ya wuce, lokacin da ƙasa ta daskare sai da aka kawo injin haƙa.

'Yan ƙungiyar dogon lambu na wannan yanki, masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa, ba su da yawa, kuma furfura ta gama da mafi yawansu. Kowa yana da layin dogonsa a bayan gida, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, ya kewaye itacen tuffa, ya haye gada a kan kududdufin kifi, ya shige ƙarƙashin tudun da mai gidan ya tara da shebur bayansa yana ciwo. Kowa kuma yana da kan jirgin da ya fi so, wanda in ka kushe shi ka sayi gabar wata guda. Al'adarsu ita ce, in ɗaya ya rasu, to taron farko bayan narkewar ƙanƙara a gidansa ake yi. A ɗora kan jirgin da ya fi so a kan dogonsa, ya zagaya sau ɗaya, kowa ya cire hula, sannan iyalinsa su faɗi wanda za a ba. Ba a sayarwa, ba a kuma roƙa. Wanda ya buɗe baki ya roƙa ya zubar da girmansa, za a yi ta goranta masa har ranar da za a zagaya da nasa.

Na Lubor sunanta Tsohuwa. Da hannunsa ya ƙera ta daga fallayen tagulla, tsawonta ya fi kamu guda, nauyinta kamar na ƙosasshen jariri. Ya kwaikwayo ta ne daga kan jirgin da mahaifinsa ya yi wa aikin zuba kwal a ƙaramin layin da ke ratsa daji, amma ba yadda take tana sabuwa ba, yadda take a shekarunta na ƙarshe, da aka daina saya mata fenti. Da lantarki take tafiya, ba ta taɓa ganin wuta ba balle hayaƙi, amma in ka ɗauke ta sai ka duba hannunka ko ya yi baƙi. Kunkunniya ta sauko daga bakin bututu ta kwanta a gadon bayanta. Farin gishirin ruwa ya tsiyayo daga inda tururi ke tsira ya bushe a gefe. Tsatsa ta ci gindin tankunan ruwa, kuma a jikin ƙofar ɗakin direba akwai wani ɗan wuri da ya goge, daidai inda kafaɗar mutum ke gogawa in ya leƙo. Duk Lubor ne ya sa, da buroshin da gashinsa bai fi na gira ba, da garin alli mai launi, da ɗan fenti tsararo, da yatsansa. Bai taɓa shafa mata man da ke kulle fenti ba, wai ba ta gama tsufa ba. Duk sanyi sai ya shige rumfar aikinsa ya ƙara mata shekara ɗaya.

Otakar kuwa ɗan ɗaya ɓangaren ne. Nasa jiragen na tururi ne na gaske, ana zuba musu ruwa, a kunna musu wuta, su yi ta tofar da mai suna huci. Da sun tsaya sai ya bi su da tsumma har tagullarsu ta riƙa kashe ido. Mai wuta yana goge baƙi, marar wuta yana shafawa, haka mutanen nan biyu suka tsufa suna tsokanar juna.

"Ga kaskon suya ya iso," in ji Otakar duk lokacin da aka fito da Tsohuwa. "Lubor, don Allah ka ba ni ita yini ɗaya da sabulu, in dawo maka da ita mutum."

"Tafi can da butocin shayinka," Lubor yakan ce. "Jirgi ne wannan ko kayan kabad ɗin surukarka? Ka taɓa ganin jirgin da ya yi aiki yana ƙyalli haka?"

Bohdana, matar Lubor, takan ajiye musu kofi da kek a kan dandamalin tashar ta wuce, tana girgiza kai.

Abin da ba a sani ba shi ne, Otakar ya taɓa gwadawa a ɓoye. Ya ɗauki wani tsohon tarago ya shafa masa launin tsatsa, ya fito kamar an tsamo shi daga kwata. Ya wanke, ya sake, ya kuma wankewa, daga ƙarshe ya cusa shi a ƙasan akwati. Tun daga ranar ya san abin da ke hannun Lubor ba ya hannunsa, ba ya kuma hannun kowa a ƙungiyar. In an taru, kowa ya shagala da giya da gardamar faɗin kwanar dogo, yakan durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi, ya ƙura wa wurin kafaɗar nan ido.

Yanzu Lubor ya tafi, kuma kowa ya riga ya yanke cewa Dokta Radim Kubát za a ba. Likitan haƙori ne, shi ne ƙarami a cikinsu, gashinsa ma bai gama fari ba, kuma shi bai taɓa ɓoye son Tsohuwa ba. Rub da ciki yake kwantawa a ciyawa da farar rigarsa yana ɗaukar ta hoto, yana kiranta gwanar gwanaye. Otakar in ya tuna wannan sai abinci ya ƙi wuce masa.

Tun da roƙo ya haramta, sai ya nemi wata hanya. Sanyi yakan ɗaga ƙasa ya karkatar da dogo, ganye ya toshe ramin tudu, ƙarfen ya yi dusu-dusu har lantarki ya ƙi bi. Dole wani ya gyara layin Lubor kafin ranar taro. Otakar ya riga Dokta zuwa. Ya zo da bokitin tsakuwa, da ma'aunin magina, da tsohon matashin da yake durƙusawa a kai, ya fara daga tasha yana bi taƙi-taƙi. Gwiwoyinsa suna ƙara kamar ƙofar rumbu, amma kullum da hantsi yana nan.

Wata rana yana cusa tsakuwa a ƙarƙashin dogo kusa da gada, Bohdana ta fito da kofi ta zauna a kan kututture. Ta rame, rigar sanyin Lubor ce a jikinta, ta naɗe hannuwan.

"Ota, huta mana. Kai ma so kake a zagaya da naka bana?"

"Ai sai kin jira. Kin ga gadar nan? Mijinki da ido ya auna ta, kuma idon hagu."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta ce, "Dokta ya zo jiya. Bai roƙa ba fa, kar ka ce na ce ya roƙa. Cewa kawai ya yi, duk wanda ya same ta ya kamata ya sa ta a akwatin gilashi, kar iska ta taɓa ta. Har ya ce akwai wuri a ɗakin jira na asibitinsa."

"A ɗakin jira? Tabɗi. Mutane da kumburarren kumatu su zauna suna hararar ta?"

"Abin da na gani ke nan. Ni so nake ta riƙa tafiya. Lubor bai yi ta don ta zauna ba." Ta juya kofin a hannunta. "Wa kake ganin ya dace?"

"Wannan ai ke za ki yanke, Bohdana."

"Na sani. Da kai kana sonta ma da an huta. To kai ba ka taɓa sonta ba."

Nan ne ya kamata ya yi shiru. Ko shirun kawai ya yi, mace ce mai hankali, za ta gane. Amma bakin da ya saba da abu shekara da shekaru ba ya jiran mai shi, kuma kunya ta kama shi, ya ji kamar an leƙa cikinsa.

"Ni? Ina zan kai kaskon suya?" ya ce. "Ta je ta shafa wa nawa baƙi? Sai dai in an yi mata wanka tukuna."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta dai dube shi, ta kwashe kofuna ta shiga gida. Ya koma gida ranar yana zagin kansa a mota, tsohon banza, tsohon wofi, ka miƙa wa mai cire haƙori ita da hannunka. Kashegari ya dawo ya ci gaba da aikin, don layin dai na Lubor ne, kuma bai iya barin aiki rabi ba. Bohdana ba ta ƙara fitowa zama ba. Takan ajiye masa kofi a bakin taga, ita kuma tana rumfar aikin Lubor ta turo ƙofa. Ya ɗauka kayan marigayin take tattarawa.

Ranar taron gari ya yi kyau, rana ta fito amma iska na da ɗan cizo. Suka zo ɗaya bayan ɗaya da akwatunan jiragensu, kowa da hular direba a kansa, irin wadda matansu suka gaji da hana su sawa. Aka hura wuta a gefen shinge don gasa nama a tsinke, aka jera kwalaben giya a cikin randar ruwan sama. Dokta ya zo da sabuwar kyamara da wani yadi mai laushi a ninke a aljihu, wanda kowa ya gane na naɗe mene ne. Otakar ya bi layin da tsumma karo na ƙarshe, ya gwada wutar, ya koma can baya kusa da itacen tuffa ya tsaya, hannuwa a aljihu.

Bohdana ta fito daga rumfa rungume da Tsohuwa, an lulluɓe ta da farin mayafin tebur. Mutum biyu suka taso za su karɓa, ta ce su bari. Ta ajiye ta a kan dogo a gaban tasha, ta miƙe tana haki.

"Na san sai an zagaya ake faɗa," ta ce, "amma ni ba 'yar ƙungiyarku ba ce, kuma in na jira zan yi kuka in kasa magana. Lubor bai bar wasiyya a kanta ba, ya ɗauka shi ba zai mutu ba. Don haka ni na yanke. Wanda ya durƙusa a kan tsakuwar nan har wandonsa ya huje, shi zan ba. Ota, taka ce."

Daɗi ya rufe Otakar, irin wanda rabonsa da shi tun yana saurayi. Wani ya dafa bayansa ya tura shi gaba, wani ya ce, "Kai, kaskon suya ya samu mai wanki!" aka yi dariya. Dokta ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya miƙo hannu, ya ce da lafazin girmamawa irin nasu, "Na taya ka murna, Pan Hejl." Otakar ya ƙaraso gaban tasha yana murmushin da ya kasa ɓoyewa.

Bohdana ta yaye mayafin.

Baƙa ce wuluk, tana sheƙi kamar sabon takalmi. Ƙafafunta ja jawur. Bututan tagulla da murfin tukunya sai walƙiya suke a rana. Babu kunkunniya, babu farin gishiri, babu tsatsa, ƙofar ɗakin direba kuma sumul take daga sama har ƙasa. Dariyar ta yanke. Dokta ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, irin wanda ya saba ji daga bakin masu zama a kujerarsa. A wajen wuta kitse yana ɗiga yana cuwa, ba wanda ya je ya juya naman.

"Na san da gangan ya sa," in ji Bohdana. Otakar kaɗai take kallo. "Kar ku ɗauka ban sani ba, ni nake wanke masa rigunan da yake goge buroshi a jiki. Sabulu ya cire garin, sauran sai da na sa ruwan narkar da fenti, da buroshin haƙori, da auduga a tsinke. Ina gogewa ina ba shi haƙuri. Wurin ƙofar nan ma sai da na fita na sha iska na dawo." Ta nuna hannuwanta, fatar yatsun ta tsattsage ta yi fari. "Amma ba zan ba ka abin da za ka tura bayan kanta kana jin kunyarsa ba. Shi ya more ta yadda yake so. Yanzu taka ce, gara ta zama yadda kai kake so, ka riƙa fitowa da ita."

Me za a ce? Duk wanda ke tsaye a wurin ya ji da kunnensa Otakar yana neman sabulu, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai sanda, ya yi gyaran murya ya ce a fara. Aka miƙa wa Otakar akwatin sarrafa wuta. Ya murɗa a hankali, Tsohuwa ta motsa, ta ja taragai uku ta bar tasha. Huluna suka sauka. Ta bi gefen shinge, ta kewaye itacen tuffa, ta haye gadar ba ko girgiza, don layin ya gyaru yadda bai taɓa gyaruwa ba. Ta shige ramin tudu ta ɓace, aka ji ƙarar ƙafafunta kawai a ciki, kuma a ɗan wannan lokacin Otakar ya ga kamar za ta fito yadda ya san ta. Ta fito tana ƙyalli. Ya tsayar da ita a tasha daidai inda ta tashi, aka mayar da huluna, wani ya tuna da naman ya ruga.

Dokta ya matso kusa da shi ya rage murya. "Pan Hejl, ina da hotunanta ta kowane gefe. In muka zauna ni da kai, sannu a hankali, ƙila a mayar."

"Ka taɓa gwadawa, Dokta?"

"A'a."

"Ni na taɓa. Je ka ci nama."

Aka ci, aka sha, aka kunna sauran jirage, gardamar faɗin kwana ta dawo amma ba ƙarfi. Kowa in ya zo wucewa ta gaban tasha sai ya kau da kai. Da rana ta yi sanyi aka fara haɗa kaya, Otakar ya durƙusa ya ɗaga Tsohuwa daga kan dogo. Bohdana ta zo ta tsaya a kansa da tsumma a aljihun rigarta.

"Ta yi maka yanzu?"

"Ta yi."

"Ka faɗi gaskiya, Ota. Kai ba ka iya yabo ba, na sani, amma yau ɗaya."

"Ta yi kyau, Bohdana. Aiki ne ba ƙarami ba."

Ta sauke ajiyar zuciya, fuskarta ta saki, karo na farko tun ranar jana'iza. "To duba min da kyau. Idona ba ya ganin lunguna. In na bar wani wuri, in ƙarasa maka tun kana nan."

Ya juya ta a hannunsa, ya duba gefen dama, ya duba na hagu, ya leƙa ɗakin direba. Matar ta yi aiki tsakani da Allah. Ya kifa ta a kan cinyarsa ya duba ciki, tsakanin ƙafafu. Can a ƙarƙashin tankin hagu, bayan matakalar direba, inda buroshin haƙori bai kai ba, akwai ɗan wuri kamar faɗin farce. Tsatsa ce launi uku, mai duhu a tsakiya, ja a gefe, da wani ɗan rawaya-rawaya da ya zubo ƙasa kamar ruwa ya taɓa bi ta wurin. Lubor ya zauna ya yi wannan a inda ba mai gani.

"Mene ne? Ka ga wani?" Ta sunkuyo, hannunta ya riga ya kai ga tsumman.

Ya ɗora babban yatsansa a kan wurin ya danne.

"Babu. Ta fita tas."

"Ka tabbata? Kawo in gani."

"Haba, Bohdana, ni za a koya wa ganin datti? Na ce miki babu."

Ta yi dariya, ta mayar da tsumman. Ya miƙe da ƙyar, ba tare da ya dafa ƙasa ba, don hannuwansa duka biyu suna riƙe. Ta kawo akwatin katakon da Lubor ya yi wa Tsohuwa, ya ce ta bar shi zai dawo ya ɗauka, a hannu zai kai ta. Ta raka shi har bakin ƙofar lambu tana gaya masa ya riƙa zuwa, kofi ba ya ƙarewa, kuma in ya fito da ita a layinsa ya kira ta ta zo ta gani. Ya ce to. Ya bi ta gefen shinge zuwa inda ya ajiye mota, jirgin a ƙirjinsa, yatsan nan a inda yake, yana dannewa kamar mai tsayar da jini.

Sai da ya ji ta rufe ƙofar lambu sannan ya kwantar da Tsohuwa a kujerar baya, a kan bargo. Ya ɗaga yatsan a hankali ya leƙa. Wurin ya yi baƙi sumul kamar sauran jikin. Gumin hannunsa ya kwashe garin duka, launi ukun sun cakuɗe sun zama ja-ja guda ɗaya a cikin zanen fatar yatsansa.

Ya daɗe a tsaye yana kallon yatsan. Sannan ya rufe ƙofa da gwiwar hannu, ya shiga ya tayar da mota. Har ya isa gida yatsan a ɗage yake, bai bari ya taɓa sitiyari ba.